Ranar da Wahabu Ya Hana Jana'iza

Duk Bahaushen da ya zauna a Stratford, nan ƙasar Turawa, cikin shekarun tamanin ya ce bai san Wahabu ba, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuma bai taɓa yin rashi ba. Ni Hansai maƙwabciyarsa ce, flat ɗina a ƙasa, nasa a sama, in ya hau matakala har kofunan kicin ɗina sai sun yi ƙara. Mutumin zangon Kumasi ne, ɗan mahauta, ƙato baƙi mai wuya kamar turmi. Hausarsa irin ta Gana ce, mace ma "kai" yake ce mata. Na taɓa ce masa, "Baban Anatu, ni fa mace ce." Ya ce, "Na sani, Hajiya, kai mace ne." Daga ranar na haƙura.

Abu biyu aka san shi da su, zuciya da wankan gawa. Zuciya kam Allah ya zuba masa ita ba awo. Da idona na ga wasu samarin Turawa masu aske kai ƙwal sun fizge mayafin matarsa a tashar bas, ya damƙo biyu ya gwara kawunansu a jikin akwatin tarho har gilashi ya tarwatse. Wankan gawa kuwa gado ya yi a wurin kawunsa. A ƙasar nan asibiti kan riƙe mamaci su ce sai sun tsaga shi sun ga abin da ya kashe shi. Wahabu shi ne dodonsu. Ya taɓa shaƙe wani ma'aikacin ɗakin gawa a jikin bango yana cewa, "Ba a feɗe Musulmi kamar rago!" Kowa ya yaba masa, har da ni. In mutum ya rasu da safe, Wahabu sai ya ga an rufe shi kafin rana ta faɗi, ko da me za a yi.

Aikin da ya jawo komai ya same shi ne ta hannun amininsa Muniru, wani siririn mutum mai sanyin hali, tare suka yi ƙuruciya a Kumasi. Akwai wani tsohon sito na gwamnati a bakin kogi, gabas da mu, inda aka ce a da ana sarrafa wasu kayan bam ɗin nukiliya. Gwamnati ta so a rushe shi a share wurin. Ta ba wani kamfani kwangila, kamfanin ya ba wani ƙarami, ƙaramin ya kwashi 'yan Gana da ba su iya cewa a'a. Kankare bango suke yi, suna sharar ƙura suna durawa a ganguna. Su dawo gida fari fat, har cikin gashin hanci.

In masu sa ido na gwamnati za su zo, sai an sanar tun da wuri. A wanke wurin da mesa, a raba wa leburori sababbin takunkuman fuska. Su iso cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, su zaga da wata na'ura mai ƙyas-ƙyas, su sha shayi, su tafi. Motarsu na fita foman ya bi ya karɓe takunkuman ya kulle. Kai, wannan duniya! Wanda ya zo kallo an rufe shi ruf, wanda ke cikin ƙurar kuwa ko ƙyalle babu.

Wata rana Muniru ya ƙi mayar da nasa, ya ce ƙirjinsa na yi masa zafi. Foman ɗin ya kwaɗa masa ƙotar shebur a baki, haƙora biyu suka zube. Wahabu yana kan tsani ya gani. Ya diro, ya ɗaga mutumin sama, ya maka shi a kan gangunan nan, ya bi shi da naushi har muƙamuƙi ya goce. Maza huɗu suka kasa janye shi sai da 'yan sanda suka zo da kulake. Aka ɗaure shi, ya fito ba aiki, ya koma gadin ƙofar wani kanti. Muniru kuwa ya koma bakin aikinsa da wawulo, shi da sauran, har sai da sito ya zama fili.

Shekaru suka ja, aka shiga na casa'in, sai tari ya fara bin leburorin nan ɗaya bayan ɗaya. Sumani ne ya fara tafiya. Likita ya ce ciwon ƙirji ne, Wahabu ya wanke shi, aka rufe shi ranar. Sai Nashiru, shi ma haka. Duk wanda ya wanke, in ya dawo sai ya zauna a matakala ya ce mini, "Hajiya, ƙashi da fata kawai na wanke." Muka tara mata muka je wurin ɗan majalisar unguwarmu, ya kai maganar gaba. Amsar da gwamnati ta bayar wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wai masu sa ido sun duba wurin a lokacinsa ba su ga laifi ba, kamfanin kuma ya rushe, sannan babu gawa ko ɗaya da aka bincika aka ga ƙurar a jikinta. To ina za a ga gawa? Ai Wahabu ya rufe su duka da hannunsa.

Da ciwon ya kwantar da Muniru a asibiti, na kai masa kunun gyaɗa, na tarar da Wahabu a bakin gado. Muniru ya kama hannunsa, yana magana yana hutawa. Ya ce, "Wahabu, in na mutu kada ka bari a rufe ni sai sun buɗe ƙirjina sun gani. In ba haka ba, Awabu da yaran nan ba wanda zai saurare su, mu kuma mun mutu a banza." Awabu matarsa ce. Wahabu ya zare ido ya ce, "Ni? Ni zan miƙa ka a feɗe?" Muniru ya ce, "Kai kaɗai za ka iya hanawa, shi ya sa." Wahabu ya daɗe yana huci kamar sa, sannan ya ce, "Na ɗauka." Shaida ni kaɗai ce, kuma kun san yadda ake ɗaukar shaidar mace a irin wannan taro.

Da safe Muniru ya cika. Likitan ya sa hannu ya ce ciwon ƙirji ne kamar sauran, aka saki gawa ba gardama. Yayan marigayin, Alhaji Zuberu, mai sayar da atamfa a Lewisham, ya iso da jama'arsa. Ya riga ya yi booking ɗin kabari, ya ce bayan Azahar za a yi salla a kai shi. Aka kai gawar ɗakin wanka da ke bayan masallacinmu, wani tsohon shago ne da aka gyara. Wahabu ya gaya masa wasiyyar a gaban mutane. Alhaji Zuberu ya ce, "Zafin ciwo ne ya sa shi sambatu. Ƙanena ba zai je gaban Allah a tsage ba." Na ce, "Alhaji, ina wurin, da hankalinsa ya faɗa." Ya ko dube ni? Cewa ya yi mata su koma ɓangarensu.

Awabu ta shiga takaba, ba ta da halin fita. Ta riƙe zanena tana kuka ta ce, "Yaya Hansai, ki yi mini wani abu." Na ruga akwatin tarho na kira ofishin coroner, wato jami'in da doka ta ba ikon riƙe gawa a bincika in ana shakkar abin da ya kashe mutum. Suka ce sun ji, za su turo mutum, amma ba yanzu-yanzu ba. Na ce musu ana binne shi an gama, su kuwa sai "ki yi haƙuri, madam" suke ta maimaita mini. Kamar in fasa kan tarhon don takaici.

Na dawo na tarar da wuri ya hargitse. Wahabu ya shiga ɗakin wanka kamar zai fara aikinsa, ya kori mai zuba masa ruwa, ya danna sakata. Aka yi sallar Azahar, ba gawa. Liman ya je bakin ƙofa ya yi nasiha, ya ce gaggauta jana'iza sunna ce. Wahabu ya amsa daga ciki, "Na sani, Malam, ni na fi kowa gaggautawa. Cika wasiyya fa?" Alhaji Zuberu ya fara dukan ƙofa yana cewa, "Wahabu, ka ji tsoron Allah! Turawa sun saye ka ne?" Sannan ya juya ga mutanensa ya ce a ɓalle ta.

Da bencin masallaci suka yi ta dukanta har sakata ta tsinke. Na kutsa cikin maza, ban damu da wanda zai ce me ba. Wahabu yana kwance rub da ciki a kan gawar, ya zura hannayensa ta ƙarƙashin teburin ƙarfen ya sarƙe yatsunsa. Suka ja ƙafarsa, tebur ya biyo. Suka ja wuyansa, ko gezau. Sai duka. Wayyo Allah, ban taɓa ganin an doki mutum haka ba. Naushi a haƙarƙari, ƙafa a ciki, wani ya ɗauki butar ƙarfe ya sauke masa a ƙeya, jini ya tsartu har kan likkafanin da ke ninke a gefe. Wani ya samo sandar goge-goge ya riƙa dukan yatsunsa ta ƙarƙashin tebur, ina jin ƙashi yana ƙas. Alhaji Zuberu yana kuka yana dukansa da takalmi a fuska, bakin takalmin ya same shi a ido.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan da bai taɓa barin mari ya kwana ba, ranar ko yatsa bai ɗaga ba. Da ya saki hannu ɗaya, na rantse sai ya kwantar da rabinsu. Amma ya san yana saki za su zare gawar. Haka ya kwanta yana karɓa, yana ta faɗin, "Muniru, ina nan. Muniru, ina nan." Ni kuwa na fita titi na tsaga ihu da Turanci cewa ana kisan kai, har maƙwabta suka leƙo ta taga.

'Yan sanda suka cika wurin. Da suka ga gawa ga jini ga ƙofa a ɓalle, suka ce ba mai taɓa komai, gawa ta koma hannun coroner. Sai da ɗan sanda ya durƙusa ya rantse masa cewa ba kabari za a kai ta ba, sannan Wahabu ya yarda aka ɓamɓare yatsunsa, don shi da kansa ya kasa buɗe su. Idon hagu dai bai ƙara gani da shi ba. Da aka tambaye shi wa ya doke shi, ya ce santsin ɗakin wanka ne ya kayar da shi.

Da likitocin coroner suka gama bincikensu suka dawo da Muniru, an ɗinke shi tun daga maƙogwaro har cibiya. Maza suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya iya matsawa. Wahabu ya taso daga gadon asibiti, hannu a naɗe, ido a rufe da auduga, ya ce a ba shi wuri. Da hannu ɗaya ba ya iya zuba ruwa. Ya tsaya yana jira. Can sai Alhaji Zuberu ya naɗe hannun rigarsa ya ɗauki buta. Yana zubawa Wahabu yana wankewa har suka gama.

An sami ƙurar a huhunsa, irin wadda ba a samunta ko'ina sai a wurin kayan nukiliya. Daga nan bakin gwamnati ya canza. Aka kafa kwamiti, aka kira masu sa idon nan suka yi ta kame-kame, aka sake killace filin da waya aka kwashe ƙasarsa. An ja shari'a har yaran Awabu suka girma, amma a ƙarshe an amsa cewa aikin ne ya kashe ubansu. Matan Sumani da Nashiru kuwa aka ce musu babu hujja. Wannan ita ta ci Wahabu fiye da idonsa. Da yawa cikin jama'a kuma ba su yafe masa ba, in an yi rashi sai su kira wani daga Lewisham ya yi wanka, su wuce shi a bakin masallaci kamar ba su gan shi ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in na fara jin tari daga sama, irin wanda na sani. Da ma Wahabu ya ɗan shaƙi rabonsa na ƙurar kafin a ɗaure shi. Kofunan kicin ɗina suka daina ƙara in yana hawa. Wata rana da hantsi na same shi zaune a tsakiyar matakala, ya kasa ƙarasawa. Na ce, "Baban Anatu, in kira mota?" Ya girgiza kai, ya dube ni da idonsa ɗaya.

Ya ce, "Hajiya, kai ne shaida ranar nan, kai ne shaida yau. In nawa ya zo, a buɗe ni." Ya yi tari, ya share bakinsa. "Amma ni ba ni da Wahabu. Ka sa a canza sakatar ɗakin wankan gawar nan tun yanzu, wadda suka saka ba ta da ƙarfi."