Ruwan da Inna Ta Zuba wa Dogonyaro

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun ji ni shiru kwana biyu, har wasu sun biyo ni ta waya. Lafiyata lau. Wani saƙo ne ya zo mini daga Indiya ya tono labarin da na fi shekara talatin ban ba kowa ba.

A shekarun tamanin ina sabuwar malama a wata makarantar 'yan mata a Minna. Maƙwabciyata a gidajen malamai wata Ba'indiya ce mai koyar da lissafi, Madam Sarala. Hausarta abin dariya, ni ce "kai", mai gadi kuma "ke".

Ciwon ya fara da zazzaɓi da ciwon kai. Na ce maleriya ce, na yi ta haɗiyar ƙwayoyi daga kemis har mako biyu. Taurin kai ba yau na fara ba.

Ranar da cikina ya kumbura ya yi tauri, ko taɓawa ba a iya yi, Madam ce ta saka ni a motarta ta kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likita ya dubi mahaifiyata, Inna, wadda ta iso daga ƙauyenmu Garatu da ƙurar gona a ƙafa, ya ce, "Taifot ne, ya huda hanji. Gobe da safe za mu shiga da ita. Ku yi addu'a."

Na ji tsoro. Wallahi na ji tsoron mutuwa, ina 'yar shekara ashirin da uku kacal a duniya.

Baba ya sayar da doyar da ya ajiye ta iri aka sayo magani da ruwan ƙari. Da yamma Madam ta zo da wata 'yar kwalba a naɗe da jan ƙyalle. Ta miƙa wa Inna da hannu biyu, ta ce, "Mama, ruwa mai tsarki ne na ƙasarmu. Ka ba shi ya sha."

Inna ba za ta ba ni ruwan ibadar wasu ba. Ba kuma za ta iya kallon idon matar da ta kawo ni asibiti ta ce a'a ba. Sai ta karɓa ta yi godiya. Da Madam ta tafi, ta zagaya bayan ɗakin mata ta juye shi kaf a gindin wani ƙaramin dogonyaro. Kwalbar ta cusa a jakarta.

Aka yi aiki, Allah ya sa na farka. Tiyo a hanci, tiyo a hannu, kwana biyar ko ruwa ban kurɓa ba. Nas ta ce in tashi in taka, in ba haka ba hanjin ba zai motsa ba, ƙirji kuma zai cika. Na ƙi. Gani nake ina miƙewa ɗinkin zai ɓalle.

Madam kullum bayan an tashi makaranta tana bakin gadona. Rannan na tambaye ta ruwan nan na ina ne.

Ta ce na wani tabki ne, Manasarowar, can ƙololuwar duwatsun Tibet, inda sanyi ke yanka kuma numfashi ke gagarar mutum. Mabiya Hindu da na Buddha da na Jain duk suna zuwa ziyara, su yi kwanaki suna kewaya shi a ƙafa. Mahaifinta ya je sau ɗaya tun tana ƙarama, tafiyar makonni, ya ɗebo mata wannan.

"A wurinmu, in mutum zai mutu ana ɗiga masa a baki. Na ajiye don ranata."

Inna tana zaune a tabarma tana ɓare lemo. Wuƙar ta tsaya.

Inna ce ta matso, ta durƙusa gaban matar da ta girme wa nesa ba kusa ba, ta ce, "Baiwar Allah, na cuce ki ban sani ba. Ba ta sha ba. Itace na ba."

Na ga idon Madam ya cicciko. Can ta ce, "Wane itace?"

Inna za ta tashi, Madam ta riƙe ta, ta juyo gare ni. "A'a. Kai za ka kai ni."

Wa zai ƙi? Na sauko ina riƙe da ciki, Inna ta kama dama, Madam ta kama hagu. Tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa ƙofar gida ba, sau huɗu muka huta. Da muka isa Madam ta shafa ganyen, ta yi 'yar dariya da hawaye. "Wannan itace ɗan ƙasarmu ne, daga Indiya aka kawo irinsa. Ya sha, kai ka tashi. Ba asara."

Kullum la'asar sai mun je gaishe da itacen nan, har aka sallame ni.

Inna dai abin bai bar ranta ba. Shekara uku bayan haka ta sauke farali, ta cika wannan kwalbar da zamzam, ta naɗe a jan ƙyallen, ta kai wa Madam ana gobe za su koma ƙasarsu. Ta ce, "Ba irin naki ba ne, amma shi ne mafi tsadar abin da nake da shi."

Makon jiya 'yar Madam ta nemo ni a wannan dandali. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, ba ta kuma samu zuwa tabkin ba. Ta ce da ciwo ya yi tsanani sun so kawo mata ruwan kogin ƙasarsu, ta girgiza kai ta nuna akwati. Ruwan Mama ta Minna ta ce a ɗiga mata.

Na gode wa Allah da ya ja kwanana. Allah ya jiƙan Inna da Baba. Madam, na gode.

Ku kuma, zazzaɓi ya wuce kwana uku a je a gwada jini, a bar bin kemis. In an yi muku aiki nas ta ce ku taka, ku taka. In kuma wani ya miƙo muku abu da hannu biyu, ku tambayi ko mene ne shi a wurinsa kafin ku zubar.