Waken Mama Opal

Rhonda Tackett irin matan nan ce da idan ta shiga falonka, kafin ta amsa gaisuwa idonta ya riga ya tsani labulenka. Sana'arta ke nan a garin Dayton, ƙawata gidajen mutane. Ita ke zaɓa musu fenti da kujeru, ita ke gaya wa mai gida cewa hoton kakansa bai dace da launin bango ba, ya cire, ya kuma yi mata godiya. Ta iya aikin, wannan ba musu. Sai dai aikin ba ya tsayawa a bakin ƙofa. 'Ya'yanta mata biyu sun san ba a barin takalmi inda ido zai gani, kujerar kallon ƙwallon mijinta Wendell kuwa ta daɗe da komawa gareji.

A bayan gida akwai lambu, tumatir da kabewa da latas, layi-layi kamar an ja da rula. Rhonda kan yi shuka da ɗoki a watan Mayu, daga nan waya ta ɗauke ta, ban ruwa ya koma kan wanda ya tuna. Can jikin katanga kuma waken surukarta ne, Mama Opal, mahaifiyar Wendell, wadda ta dawo wurinsu da zama tun da ta faɗi ta karya ƙugu. Waken nan ba a samunsa a kanti. Daga duwatsun Kentucky ta taho da irinsa, uwarta ce ta ba ta, ita ma a wurin tata uwar ta karɓa. Bara barewa ta cinye shukar, don Rhonda ta ce shingen waya muni gare shi. Abin da ya rage bai fi cikin tafi ba, bana tsohuwa ta zuba shi duka a ƙasa. Ko ɗanye ba ta bari an tsinka ba, jira take ya bushe ƙarau a jikin sanda ta ɓare iri.

To, wake mai bushewa ba shi da kyan gani. Ganye ya yi ja, kwanso ya yamutse.

A watan Satumba wata mujallar gidaje ta ce za ta zo ɗaukar hoto: ga mace mai sana'a, mai iyali, mai noma abincin gidanta da hannunta. Ana gobe za su zo Rhonda ta ɗauko masu gyaran fili. Tana tsaye a baranda, waya a kunne, tana rigima da mai kafet, ta yi musu nuni da hannu ɗaya. "Duk abin da ya bushe ku kwashe, kore kawai nake son gani."

A ranar Wendell ya kai mahaifiyarsa asibiti gashin ƙashi, suka dawo a gajiye, ba wanda ya leƙa baya. Ma'aikata sun yi abin da aka ce, sun cusa komai a buhunan takarda sun jera bakin titi. Da sassafe motar shara ta kwashe.

Mai ɗaukar hoton, wata Celeste, da kwandon tumatir na kanti ta zo, don na lambun duk sun tsattsage. Da siririn zare ta ɗaɗɗaura su a jikin reshe. Aka sa wa yara fararen riguna, aka ce su yi dariya amma kada su taɓa ƙasa. Abin ƙyama ne, kuma Rhonda ba ta ga komai a ciki ba. Tana riƙe da sabuwar fartanya tana murmushi sai ta hango Mama Opal ta dogara sanda, tana tsaye gaban sandunan wake da ba ko ganye ɗaya.

"'Yar nan, ina wakena?"

"Mama, ai na ɗauka..." Ba ta ɗauki komai ba. Kusurwar ma ba ta kalla ba.

Wendell ya ce, "Sau nawa aka faɗa a gabanki cewa waken nan na iri ne? Kina danna waya kina cewa uhm."

Celeste ta ɗago daga kyamara. "Kaka, ɗan matsa mana, kina shigowa hoton."

Nan Rhonda ta yar da fartanyar ta ja mota zuwa jujin gari. Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, sharar safe ai an riga an niƙa ta a inji," ya nuna mata wani tsibi yana tururi. Ta hau da farar rigarta tana tono da hannu cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa da kashin karnuka da tsutsotsi, ƙudaje na shiga mata baki. Sai da ta yi amai. Warin bai kai mata rabin ƙyamar da take ji ta kanta ba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta samu ba.

Da ta dawo gida ta tarar da tsohuwa a kicin tana goge wata kwalba. Rhonda ta tsaya daga bakin ƙofa saboda warin jikinta.

"Mama, zan nemo miki. Akwai masu sayar da tsohon iri a intanet, ko nawa ne."

"Akwai wake a can, na sani. Wannan dai na uwata ne. Bana na so in koya wa yaranki ɓarewa, tun hannuna na motsi." Ta miƙo mata kwalbar. "A nan nake ajiye shi. Na wanke miki. Ki sa fure, ina jin za ta dace da labulen."