Gwajin baƙin man da na yi wa Adaidaitata

"Wannan kam mai ne," in ji Oga Sunday, bakanikenmu na Sabon Gari, yana murza tsohon baƙin mai da yatsu. Ya shinshina gora ta biyu, ya yamutsa fuska. "Wannan kuwa, in ka ƙara zuba shi, injinka sai lahira."

Wata guda ina wannan gwajin. Mai kala biyu masu araha, na jan galan da na shuɗi, kowanne sati biyu a inji, in an juye in adana a gorar ruwa.

"To wannan mugun, na jan galan ne ko na shuɗi?" Oga Sunday ya tambaye ni.

Na kalli gorunan. Iri ɗaya ne, kuma ban rubuta komai a jiki ba.

Na jan ne a injina yanzu haka. Jama'a, in juye ne, ko in yi bismilla in nufi kasuwar Kwari neman fasinja?