Waƙar da Aka Yi wa Autar Tela

Auta ake ce mata, domin ita ce ta ƙarshe a 'ya'yan tela. Tana aiki a wani shagon buga takardu da ke bayan tasha, inda injin kwafi ke ɗumama ɗaki har mutum ya jiƙe da gumi. Tun da ɓarin jikin babanta ya shanye, ita ke yi masa wanka da safe, ta shirya shi, sannan ta fito. Yayanta direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba.

A shagon ta haɗu da Baiti. 'Yan tasha ne suka laƙaba masa sunan, saboda ko gaisuwa za ka yi da shi sai ya amsa maka da waƙa. Dogo ne siriri, gashinsa bai san mataji ba, rigarsa ɗaya ce mai kyau, ita ma ta aro. Ya yi koyarwa ya bari, ya yi gadi aka kore shi don ya bar ƙofa a buɗe ya tafi kallon ruwan sama. Ɗakinsa yana saman shagon mai gyaran keke, babu komai ciki sai katifa da butar shayi da tarin littattafai.

Ya kawo waƙoƙinsa a buga masa, wasu a bayan kwalin sabulu. Ta duba ta ce, "Malam, wannan rubutu ne ko kaji suka yi faɗa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja kujera ya zauna yana karanta mata tana bugawa. Daga ranar bai ƙara rasa abin kawowa ba. Ba a jima ba Auta ta fara ganin kanta a cikin waƙoƙin: tabon dutsen guga a hannunta, yadda take cije leɓe in injin ya cinye takarda. Ba wanda ya taɓa kallonta haka. Ta kan buga baiti, kunnuwanta su yi zafi, ta ce masa akwai kuskure don kawai ya matso.

Goggonta ta ja mata kunne. "'Yar nan, mutumin da ba shi da kujera a ɗakinsa, a ina za ki zauna?" Auta kuwa a ranta ta riga ta gama zama.

Wata rana da azahar, kasuwa ta yi sanyi, ta gaji har wuya, sai ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce Baba yana ɓata shimfiɗa, kuma duk sanda take wanke shi sai ya juya fuska bango yana hawaye. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa ɗinki, yau ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa. Baiti ya saurara, idanunsa suka kawo ruwa. Ta koma gida da sauƙin zuciya.

Bayan wata guda aka yi taron mawaƙa a zauren ɗakin karatu, ranar Asabar da yamma. Ta ci ado, ta ja yayanta suka je, don tana so ya ga mutumin da idonsa. Baiti ya hau mumbari ya ce yana da sabuwa, wadda bai ba kowa ya buga ba. Daga baiti na biyu ta gane gidansu ne a cikin waƙar. Ga tela, ga bango, ga jiƙaƙƙen zane a igiya, ga auta da bokiti. Bai kama suna ba, amma teloli nawa ne suka shanye a unguwar? Zauren ya yi tsit, wata mata tana share ido. Da aka ɓarke da tafi, Auta ta tsinci hannuwanta su ma suna tafawa, domin waƙar ta yi kyau, kuma wannan ne abin da ta kasa yafe wa kanta. Yayanta ya miƙe ya fita bai ko kalle ta ba.

Gidan rediyo suka sa waƙar. Maƙwabta suka fara zuwa dubiya, kowa da muryar tausayi, wasu idonsu na kan igiyar shanya. Baba bai yi faɗa ba. Da safe ta shigo da ruwan ɗumi, sai ya ce da harshensa mai nauyi, "Ajiye, Auta. Yayanki zai yi."

"Baba, Yaya ba ya gari."

"Zan jira."

Baiti ya zo shago fuskarsa a sake, ya tarar da tata a ɗaure. Da ya ji abin da ya faru ya rikice. "Wallahi girmama shi na yi. Ki ga yadda mutane suka yi kuka!"

"Ka tambaye shi yana son a yi masa kukan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Abu ɗaya nake so. Ka yi min alkawari duk abin da na faɗa maka daga yau, a tsakaninmu zai tsaya."

Ya ce, "In na ce miki to, na yi miki ƙarya. Ban san yadda ake riƙe abu a ciki ba."

Ta gode masa da bai yi ƙaryar ba, ta haɗa masa takardunsa a leda. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, sai injin ya cinye takardar wani, ta juya ta buɗe shi.

Baba ya rasu a damina ta gaba, hannunta bai sake taɓa jikinsa ba. Yayanta ya bar tuƙin nesa ya yi jinyarsa har ƙarshe, kuma bai taɓa goranta mata ba, abin da ya fi gorin zafi. Daga baya ta auri wani ma'aikacin asibiti, mutum mai shiru, ta haifi 'ya, shagon ma ya zama nata.

Sau ɗaya ta ƙara ganin Baiti, a wurin jiran mota. Ya yi furfura, ya rame, takalminsa ɗaure da waya. Ya gaishe ta da ladabi, babu waƙa. 'Yarta ta ja mata gyale ta ce, "Mama, wane ne?"

"Wani ne da muke yi wa aiki da," in ji ta, a gabansa.

Ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Mota ta zo suka shiga, Auta ta zaunar da yarinyar a gefen taga, ita kuwa har suka sauka ba ta ɗaga kanta ba.