Ƙyallen Majigin Yaya Hudu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Hudu, wanda mutanen Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram suka fi sani da Hudu Majigi. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan je maƙabarta in yi masa addu'a, in dawo kan keken ɗinkina ba tare da na dami kowa da labarinsa ba. Bana kam na kasa yin shiru, domin ɗansa na cikinsa ya shigo shagona ya ce in sa almakashi in raba ƙyallen ubansa gida huɗu.

Ga wanda bai san shi ba, sana'ar Hudu nuna fim ce. Yana da majigi, injin nan mai haska hoto a jikin bango ko ƙyalle, da ƙaramin janareto da lasifika. Da an gama girbi mutane sun samu sarari, sai ya ɗaure su a bayan babur ya bi ƙauyuka. Ƙyallen da yake haskawa a kai ni na ɗinka masa. Farin akoko ne, na yi ta haɗa yadi da yadi har ya fi bangon zauren gidanmu faɗi da tsawo. Da na ce masa ya isa haka nan, sai ya ce in ƙara.

"Sabo," in ji shi, "mutum ya gina gari sukutum don a ɗauki hotonsa, kai kuma ka zo ka nuna garin a kan hankici? Ƙara yadi."

Ba kowane fim yake nunawa ba. Manya yake so, irin waɗanda za ka ga runduna ta cika sarari har ƙarshen gani, ko jirgin ruwa mai hawa-hawa yana kokawa da teku, ko birnin da babu irinsa a duniya amma an yi masa kasuwa da lunguna da tufafin mutanensa. Kuma ba yawan dukiyar da aka narkar ke ruɗarsa ba. Ya sha kallon fim shi kaɗai a ɗaki, ya fito yana tsaki, ya ce wannan ƙone-ƙonen motoci ne kawai, an tara ma'aikata an wahalar da su a banza. Abin da yake nema shi ne ƙarfin halin masu fim ɗin: su ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu, wanda in ya rushe da su zai rushe, su tsaya a kai har su kammala. Yana kuma son wanda ke da haƙuri, wanda zai fara sanar da kai mutanen, ka san uwar jarumin, ka san abin da yake tsoro, kafin a zare takobi. Yakan ce in ba ka san mutum ba, faɗuwarsa a fagen yaƙi ba za ta dame ka ba. Yana da ma'auninsa kuma: idan mai sayar da gyaɗa a bakin fili ta manta da cinikinta ta tsaya baki buɗe, fim ya yi.

Tun daga farko har ƙarshe yake nunawa, ba ya tsallake komai. Wuri ɗaya ne yake sa hannu. In aka zo inda bai dace a kalla da dattawa ba, sai ya cire hularsa ya kife a bakin majigin, fili ya yi duhu, ya ce cikin lasifika, "A yi haƙuri jama'a, gaisawa suke yi." Samari su yi ta dariya, shi ko gezau, sai an wuce wurin yake ɗage hular.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, a ƙauyen Basirka ya samo asali, kuma ina wurin, don ni nake taya shi ɗaure ƙyallen a jikin itace. Bayan sallar isha'i aka fara wani fim na yaƙin mutanen da. Ana tsakiyar kallo sai rundunar mahaya ta ratsa wata makekiyar gona da ta nuna, saura girbi, suka tattake ta ƙasa-ƙasa. Yara na ta tafi, sai wani dattijo, Malam Buba, makiyayi ne da ya zauna ya rungumi noma, ya miƙe tsaye a gaban hasken har inuwarsa ta rufe rabin yaƙin. Ya ce a tsayar. Hudu ya tsayar.

"Malam Hudu, gonar wa aka yi wa wannan ɓarna?"

Wasu suka fara dariya, amma manoman da ke zaune ba su yi ba, don kowannensu ya san abin da ake nufi da a shiga maka gona saura kwanaki ka girbe. Hudu bai ce masa wasa ne ba. Ya ce, "Baba, gonar gaske ce. Masu fim ɗin ne suka sa aka noma ta musamman don wannan rana, kuma an sallami mai ita. In ka yi haƙuri har ƙarshe, za ka ga rubutu yana hawa sama. Sunayen duk waɗanda suka yi aikin ne, na mai gonar ma yana ciki."

Ban sani ba ko Hudu ya tabbatar da maganar ko zuciyarsa ce ta ba shi. Malam Buba dai ya zauna. Da fim ya ƙare rubutu ya fara hawa, mutane suka yunƙura za su watse, sai dattijon ya ɗaga sandarsa ya ce kowa ya zauna a bari mai gona ya wuce. Babu wanda ya iya karanta rubutun a cikinsu, amma suka zauna. Sunaye suka yi ta hawa kamar ba za su ƙare ba, mutane suka fara mamaki, wai duk waɗannan aiki ɗaya suka yi. Wani ya ce ai wannan gayya ce. Da sunan ƙarshe ya shige, Malam Buba ya ce, "Allah ya mayar masa da alheri," aka amsa da amin, sannan aka tashi.

Daga ranar Hudu bai ƙara kashe majigi kafin sunaye su ƙare ba, ko man janareto ya kusa ƙarewa. Yakan ce an yi maka gayya, ka ci amfanin, ba ka tashi ka kaɗe riga ba tare da ka ga fuskar waɗanda suka yi maka aikin ba. Wani lokaci ya zungure ni ya nuna wani rukunin sunaye ya ce, "Ga 'yan uwanka teloli nan. Duk rigunan da ka gani a jikin rundunar nan, wani ne ya zauna ya ɗinka su ɗaya bayan ɗaya." Tun daga nan ba na kallon taron mayaƙa a fim ban tuna da ciwon bayan wani tela ba.

To yanzu ku zo ku ga abin da ake yi. Ku je tashar Birnin Kudu, ku tsaya a kowane shagon caji inda ake tura wa mutane fim a waya. Fim ɗin da dubban mutane suka shekara suna yi, an datse shi an bar faɗan kawai. Wani kuma an sa wani mai surutu ya bi kansa da gudu, ya faɗa maka wanda zai mutu tun kafin ka san sunansa, ya gama labarin kafin shayinka ya huce. Yaro ya kalla a wayar da gilashinta ya tsage, yana tafe yana kaucewa babura, ya zo ya ce maka ya ga fim ɗin, ba wani abu a ciki. Wannan magana tana ƙona min rai. Ba ka ji ƙarar tekun a ƙirjinka ba, ba ka zauna cikin mutane ka ji fili ya yi tsit lokaci ɗaya ba, ba ka jira tare da jarumin ba, sannan ka yanke wa aikin hukunci. Sunaye kuwa su ake fara yankewa, wai suna cin wuri a waya.

Nakan tambayi kaina abin da Hudu zai ce da manyan finafinan yau, waɗanda aka ce da kwamfuta ake zana rundunar da garin. Na san da farko zai ɓata fuska ya ce to ina gonar. Amma na san shi, zai zauna har ƙarshe, in ya ga sunayen sun ma fi na da yawa, zai ce ashe gayyar tana nan, fartanyar ce ta canza. Waɗansu zai yi musu tsaki, don har yanzu akwai masu tara duniya a fim ba su da labarin da za su ba ka. Waɗansu kuma zai zo shagona ya ce in ƙara yadi. Abin da ba zai taɓa yafewa ba shi ne datsewar.

Nafi'u, ɗan nasa, yana cikin masu wannan sana'a. Yaro ne mai ladabi da neman na kansa, shi yake riƙe da mahaifiyarsa, ban raina masa wannan ba. Rana na dukan masu jira a ƙofar shagonsa, yana son rumfa, sai ya tuna akwai ƙyalle a ajiye a wurina tun rasuwar ubansa.

"Baffa, ajiye shi ba shi da amfani," in ji shi. "Asu ne zai cinye. Ka raba min shi huɗu, in yi rumfa da biyu, sauran a yi labule."

Gadonsa ne, ba ni da ikon hana shi, wannan ne ya fi ba ni haushi. Na ce masa zan yanka, amma da sharaɗi: mu kai shi Basirka mu rataya sau ɗaya, mu nuna fim guda cikakke, shi kuma ya riƙe majigin. Ya ce, "Baffa, wa zai zauna? Kowa da wayarsa." Na ce ko ni da shi ne sai mun zauna.

Majigin Hudu ya daɗe da mutuwa, sai aro muka yi. Nafi'u ne ya zaɓi fim ɗin, na wasu mutane da suka bar duniya a jirgi suna neman wata duniyar da za a zauna. Ba zan yi muku ƙarya in ce fili ya cika ba. An zo dai, ba kamar da ba, kuma a farkon kallon hasken wayoyi ya yi ta ƙyalli a cikin taron har na ji kamar in tashi in bi su da bulala. Sai da jirgin ya tashi, lasifika ta girgiza ƙasa, sararin sama ya cika ƙyallen daga wannan itace zuwa wancan, sannan wayoyin suka fara komawa aljihu. Na saci kallon Nafi'u. Ya sha tura wa mutane gutsattsarin fim ɗin nan ba adadi, amma na ga bakinsa a buɗe.

Da aka gama, rubutu ya fara hawa, samari suka miƙe, Nafi'u ya kai hannu zai kashe. Sai wata murya daga baya ta ce, "Kai yaro, bari mai gona ya wuce."

Iro ne, ɗan Malam Buba, shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu, mahaifin nasa ya daɗe da rasuwa. Nafi'u ya juyo ya dube ni, ya ce a hankali, "Baffa, wace gona? Ai babu gona a fim ɗin nan." Na ce ya ɗauke hannunsa kawai. Samarin da yawa suka tafi abinsu, amma manya suka gyara zama, wasu yaran ma da suka ga iyayensu sun zauna suka dawo. Muka kalli sunayen mutanen da ba mu sani ba suna hawa a kan ɗinkina har na ƙarshe. Iro ya ce Allah ya saka musu da alheri, ya kuma jiƙan Malam Hudu. A hanyar dawowa na ba Nafi'u labarin gonar, ina bayansa a kan babur, ƙyallen a naɗe a tsakaninmu.

Kada wani ya ɗauka yaron ya tuba. Har yau yana datse finafinai, har yau kuma in na bi ta tasha raina ɓaci yake yi. Hudu bai bar gida ko gona ba, injinsa ya zama tarkace, yaran da ke cika shagon ɗansa ba su san sunansa ba. Abin da na ga ya rage nasa shi ne waɗancan dattawan da suka ƙi tashi, suna girmama wahalar baƙin da ba za su taɓa haɗuwa da su ba. Ban san ko zai wuce zamaninsu ba.

Na yi alkawari, don haka washegari na shimfiɗa ƙyallen a kan tebur, na ɗauko almakashi na jira shi. Da hantsi sai ga Nafi'u da tarin tsofaffin buhunan taki a kafaɗa. Ya zube su a gabana, ya ce in haɗa masa rumfa da su. Na nuna masa ƙyallen na ce wannan fa?

"Akwai inda ya yage a gefen hagu, Baffa," in ji shi, bai yarda mun haɗa ido ba. "Ka ɗinke."

Allah ya jiƙan Yaya Hudu, ya sa ya huta. Na ɗinke, na kuma ƙara yadi.