Ranar da Na Juya Tabarmi Arewa

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, saboda haka duk wanda ya ji an ce na taɓa zama malamin yoga yana da izinin dariya. Ya yi abarsa, amma ya bari in gama.

A shekarun da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, lokacin da kowane akawu ya sayi babur ya ajiye tumbi, ina aikin sito a wata kwaleji, ina kuma kiran salla a masallacin unguwarmu a Tudun Wada. Ladancin nan gado ne. Mahaifina ya yi shi har muryarsa ta ƙare, ƙanensa kuma, Baffa, shi ne liman. Buhunan siminti da muke ta saukewa a sito su suka lalata mini baya, har ruku'u ya zame mini aiki. Wani Ba'indiye mai koyar da lissafi a kwalejin ya ga ina tafiya kamar mai neman allura a ƙasa, ya ce in riƙa zuwa filin bayan gidansa da sassafe, ya koya mini yoga, motsa jikin ƙasarsu. Ina idar da asuba sai in hau keke. Shekara shida ina zuwa, baya ya miƙe, numfashi ya ƙaru, har mutanen can unguwar Gyallesu suka fara cewa suna jin kiran sallata. Ƙarya suke, amma ban hana su ba.

Da lokacin komawarsa gida ya matso, Malam, haka muke kiransa, ya ce ni zan riƙe masa ɗalibai. Wata uku yana koya mini koyarwa, kuma ita ce ta fi wuya. Ya hana ni nunawa da jikina. Sai dai in tsaya, in ƙirga wa mutum numfashi, in lura da gwiwarsa, in san inda zan ɗora hannu a bayansa ba tare da na danna ba. Ya sa ranar Asabar ta jarrabawa: ni zan ja darasi daga farko har ƙarshe, shi yana zaune ba zai ce uffan ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci.

"An ce mini kana sa goshi a ƙasa, ka fuskanci gabas, daidai fitowar rana."

Akwai jerin motsi da muke buɗe darasi da shi, a miƙe, a sunkuya, a sauka har goshi ya taɓa tabarma. Malam ya fi son a dubi gabas. Mu kuwa gabas ita ce alƙibla, kuma ko yaron allo ya san ba a sujada lokacin da rana ke ɓullowa. Shekara shida ban taɓa haɗa biyun a kaina ba. Ni baya na kai gyara.

"Allah ya gafarta Liman, motsa jiki ne."

"Gobe zan zo in gani da idona. In yadda aka faɗa ne, ka sauka daga kiran salla."

Washegari Baffa ya zo a ƙafa, da sandarsa. Malam ya kawo masa kujera, ya ƙi, ya zauna a kan wani bulo. Ɗalibai biyu ne ranar: wani Alhaji akawu daga Hanwa, da wani malamin asibiti Kirista. Sun shimfiɗa tabarmi gabas kamar kullum. Gefen rana ya fara ja. Malam kuwa mutum ne da in ka sauya masa ko ƙirga ɗaya a jerin nan, sai ka sake daga farko.

Na dubi Baffa a kan bulonsa. Sannan na ce, "Ku juya tabarminku arewa."

Alhaji ya dube ni. "Sabon malami, rana fa ga ta can."

"Na gan ta, Alhaji, ba ɓata ta yi ba. Juya."

Muka fara. Ina ƙirgawa, muryar da ke tada unguwa tana rawa kamar ta ɗan akuya. Da muka zo wurin sauka na ce, "Ƙirji ya sauka, kai ya tsaya sama. Ku dubi bishiyar can." Sau goma sha biyu muka yi, ba goshin da ya taɓa tabarma. Ban dubi Malam ba ko sau ɗaya.

Da muka gama Baffa ya yafito ni da sanda. Na durƙusa.

"Na ga na yau. Kafin yau fa?"

A nan ne ƙarya ta zo ta tsaya mini a baki, a shirye, da kayanta. Ba wanda zai tona ni, don Malam ba ya jin Hausar da ta wuce ta cefane. Amma mutumin nan shi ya yi mini huɗuba ran da aka haife ni.

"Kafin yau ina sawa, Baffa. Ban yi da nufin bauta ba, amma na sa."

Ya daɗe yana zana ƙasa da bakin sanda. Malamin asibiti ya sami aikin naɗe tabarma, ya naɗe ya kwance ya sake naɗewa.

"Sati biyu ba ka kiran salla," in ji Baffa. "Ka yi ta istigfari. Bayan nan ka dawo bakin aikinka. Goshinka na Allah ne. Sauran jikin kuwa, ka murɗe shi yadda ka ga dama."

Ya tashi ya tafi. Sai ga Malam a kaina, hannu a baya. Ya yi maganar da Turanci a hankali, yadda ɗan aji huɗu zai gane. Ya ce juya tabarmi bai dame shi ba, ɗaliban a hannuna suke yanzu. Amma gwiwar hagun Alhaji a karkace take tun motsi na uku, ni kuwa ina can ina kallon baffana.

Sati biyun nan wani tela ne ya riƙe kiran salla, mai murya kamar ana jan ƙofar kwano. Unguwa ta sha wuya, kuma na yarda laifina ne. Ran da na dawo na ja kiran asuba da numfashi ɗaya fiye da yadda na saba, na hau keke, na tafi duba gwiwar Alhaji.