Matar da Ta Shafa Jan Fenti a Shagon Yayanta

Kafin ta shiga ofis sai ta biya ta bakin rafi. Ta ajiye mota a gindin gada, ta cire takalmin aiki ta sa na roba, ta gangara. Masu wankin mota sun saba da ita har sun daina ɗaga kai, su ne ma suka raɗa mata suna Maman Rafi. A ofishin tsara gari take aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Wanda ya san rafin nan a da ya san bola ce mai gudu: ledoji, tsofaffin tayoyi, mushen kaji da ruwan kwata. Da damina ya cika ya shiga ɗakunan mutane, da rani kuwa sai an toshe hanci. Da aka yanke shawarar share gefensa, a dasa itatuwa, a yi hanyar ƙafa, ita aka miƙa wa aikin don babu mai so. Zana taswira ba wuya. Wuyar tana wajen mutanen da layin hanyar zai bi ta kansu.

Ba ta aiki masinja ba, da ƙafarta ta bi su. Shugaban masu wankin mota ya ba ni labarin haɗuwarsu ta farko. Ce mata ya yi, "Hajiya, in korar mu za ku yi, ku faɗa mana kawai, ku daina kewaye-kewaye."

Ta ce, "Ba ku nake kora ba, baƙin mai nake kora daga ruwa. Ku nuna mini inda za ku iya matsawa."

Suka nuna mata wani fili a sama da gada. Ta koma ta sake zane, ta sha faɗan manyanta, har aka ba su filin, aka haƙa musu ramin tara ruwan wanki.

Abin da mutanen unguwa suka fi riƙewa shi ne maganar yayanta. Shagon walda gare shi a bakin rafin, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Layi ya ratsa ta tsakiyar shagon. Abokan aikinta suka ce a ɗan lanƙwasa hanyar, babu mai lura. Ranar da aka fito shafa jan fenti a gine-ginen da za a rushe, ta karɓi burushin da hannunta.

Yayan ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Auta, shagona ne fa."

"Na sani, Yaya. In na tsallake naka, da wane ido zan kalli maƙwabcinka?"

"To shafa mana. Ai kin girma."

Ta shafa. Daga ranar bakin masu cewa ana son kai ya mutu. Yayan ya koma wani lungu inda ciniki bai kai na da ba. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaye. Ba ta kai kuka wurin dangi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi nadama ba.

Aikin bai ƙare ba. Hanyar ta tsaya a bayan kasuwa, itatuwan ma inuwarsu ba ta taka kara ta karya ba. Amma daminar bana ruwa bai shiga ɗakin kowa ba, kuma da yamma tsofaffi na zama a inda a da ake wucewa da gudu.

Maman Rafi, ke ce kika nuna mana layi ba ya sanin ɗan uwa, kuma ke kaɗai kika san abin da hakan ya ci miki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya kuma sanyaya zuciyar yayanki.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, sauran rabin hanyar yana jiran ku. Akwai shaguna a kansa, kuma kowane shago da mai shi. Ku je da ƙafarku.